Shekarar da Aka Biya Udoji

A farkon 1975, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Kano, aka shiga kiranmu ɗaya bayan ɗaya zuwa ofishin mai biya. Kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, gwamnatin Janar Gowon kuma ta ce a fara lissafi daga Afrilun 1974. Ariyas ɗin wata tara ke nan a dunƙule. Masinjanmu, wani dattijo da har lokacin da fam da sule yake lissafi, ya zauna a benci ya ƙirga nasa, ya tofa yawu a yatsa ya sake ƙirgawa, sannan ya miƙo mini. "Malam, duba mini. Kada gobe a ce na ci kuɗin gwamnati."

Kuɗin mai ne. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, baitulmali ya cika ya tumbatsa. Mu kuwa sai kasuwar Sabon Gari. Wannan ya turo Vespa, wancan ya ɗauko rediyo mai kaset, wani ya sayi firji alhali gidansu ko waya ba a ja ba. Aure kam an ƙara shi ba adadi. 'Yan kasuwa su ma ba barci suke ba: kafin wata ya zagayo, kwanon gero da kuɗin haya sun yi tashin gwauron zabi. Mai albashi ya iya shanyewa. Wanda ba ya cikin takardar biya fa?

Wannan tambayar a ƙauyenmu na ga amsarta. Fari ya riga ya gigita mutane a 1973, sai kuma a daminar 1975 wata cuta ta bi gonakin gyaɗa ta nannaɗe ganye. Na tarar da Baffana a gindin rumbu, 'ya'yansa duk sun tafi birni leburancin gini, domin abin da yaro zai samu a wata yana ɗaukar bulo ya fi abin da kadada za ta ba shi. Ya ce, "Ɗana, ku gwamnati ta san da zamanku. Mu sai ranar haraji." Dalar gyaɗar nan da muka taso muna gani a gefen layin dogo, wadda a da ita ke kawo wa Arewa kuɗin waje, haka ta yi ta zaizayewa har filin ya zama fayau, ba wanda ya damu. Me za a yi da gyaɗa ga mai?

Ba zan ce ba a yi aiki ba. Audu Bako ya gina dam ɗin Tiga, an buɗe sababbin jami'o'i, ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai ƙannena aji, Peugeot ta fara fitowa daga Kaduna. Amma an yi ɓarna ta fitar hankali. A 1975 ɗin nan aka yi odar siminti tan miliyan 20, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cincirindo a gaɓar Legas, ana biyansu kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu.

Da farashin mai ya karye, Shagari ya zo da tsuke bakin aljihu a 1982. Albashi ya koma sai an yi wata da watanni. Gine-ginen da aka faro suka tsaya a linta, 'yan kwangila suka ɓace. 'Ya'yan Baffa ba su koma gona ba. Hannu ya saba da kuɗin rana. A 1984, zamanin Buhari, mun bi layi tun asuba, soja na tsaye da bulala, don madarar gwangwani da sabulu da shinkafar waje. Har man girki na gwangwani, a Kanon da ta taɓa cika jiragen ƙasa da gyaɗa, sai da muka yi masa layi.