Banɗakin Inna a Durba

Mun wuce duwatsun Rano, dawa ta yi kore shar, amma hankalina na kan kwali uku na tayil da na sayo a Ƙofar Ruwa. Kowane rami sai gabana ya faɗi.

A Durba tayil ya ɓallo ya yanki Inna a ƙafa, ga ciwon suga. Ni mai wanke gyambo a asibiti na san ƙarshen wannan.

Da aka ɓamɓare tsofaffin, sai danshi da kyankyasai. Ashe ɗis-ɗis aka sa musu siminti. Mai gyara ya jiƙa sababbin, ya shafe bayansu kaf. 'Yar'uwa, ƙwanƙwasa bangonki, in ya amsa kamar ƙwarya kada ki jira.

Inna kuwa cewa ta yi, "Ajiye min tsofaffin, na ɗora tukunya."