TITIN GIDAN ZOO: Inda kiɗa ke yi wa makaɗi gardama

Duk wanda ya sauka daga Adaidaita Sahu a Ɗangi, ya miƙe titin Gidan Zoo a Kano, ba zai yi nisa ba kunnen sa zai gaya masa cewa ya shigo unguwar 'yan fim. A ƙasan benaye shaguna ne na waya, ɗinki da abinci. A sama kuwa ofisoshin furodusoshi ne da situdiyoyin kiɗa, ƙofa na kallon ƙofa. A wuraren haɗuwa irin su Gidan Ɗan Asabe, matasa na tsaye gungu-gungu, wani riƙe da littafin waƙa, wata na jiran a kira ta ta yi amshi. Janareto na ruri a barandar bene, sauti na fita ta kowace taga.

Amma akwai ɗakin da ya fi kowanne ban tausayi a wannan titi, wato ɗakin da ake jin gaɓa ɗaya ta kiɗa ta na maimaita kan ta tun hantsi har la'asar. Idan mai karatu ya ji haka, to makaɗin da ke ciki kai ya cushe. Ya kafa kiɗa, ya rasa inda zai nufa da shi.

Situdiyon ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki ne da aka raba biyu da gilashi. Ɓangare ɗaya an manne shi da soso don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, nan mawaƙi ke tsayawa gaban makirfo. Ɗaya ɓangaren kuma tebur ne da kwamfuta, lasifika biyu, fiyano, sai doguwar kujera wadda kullum cike ta ke da 'yan rakiya. Kowannen su kuwa gani ya ke ya fi makaɗin sanin abin da ya dace.

Masu dogon tunani ba su manta da zamanin da fiyanon Yamaha ke mulki shi kaɗai ba. A shekarun 1990, situdiyoyi irin na Iyan-Tama su ka buɗe wannan hanya, sannan wajen shekarar 2000 waƙar fim ɗin 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya ta nuna wa kowa cewa waƙa kaɗai na iya sayar da kaset a Bata da Ƙofar Wambai. A lokacin, sai hannun ka ya iya kafin a kira ka makaɗi. In aka yi kuskure a tsakiya, galibi sai a koma farko.

Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajojin ta. Akwai Cubase na kamfanin Steinberg da ke Jamus, wanda ya fito tun 1989. Akwai FruityLoops na kamfanin Image-Line a ƙasar Beljiyam, wanda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Sai kuma Auto-Tune, mai gyaran murya, wanda ya fito a 1997. Da waɗannan, yaro ɗaya a ɗaki ɗaya ya zama shi ne mai ganga, mai sarewa, mai goge, kuma injiniya. Kuskure ya daina zama abin tsoro, domin danna maɓalli ɗaya ya isa ya goge shi.

To, ina matsalar ta ke? A gaskiya sauƙin ne ya zo da nasa ciwon. A FL Studio, makaɗi na fara aiki ne da jerin ƙananan akwatuna 16, ya riƙa kunna wanda ya ke so ganga ta buga a kai. Cikin minti biyar an samu gaɓa mai daɗi, ta na zagayawa. Daga nan ne ake maƙalewa. Sautuka ɗaruruwa na jiran sa, sai ya ɓata awa biyu ya na sauya wannan ganga da waccan, alhali waƙar ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Kunne ya gaji, komai ya koma iri ɗaya. Masu iya magana sun ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Shi kuwa wannan ruwan ne ya yi masa yawa har ya rasa gaɓar fita.

Ga kuma furodusa a bakin ƙofa. Ya riga ya kama lokeshin, ya ba 'yan wasa rana, abin da ya ke so kawai a ba shi waƙar da za a hau gobe. Maganar da aka fi ji a bakin irin sa ita ce a yi masa irin waccan da ta yi kasuwa. Makaɗin da kan sa ya cushe, ga kuɗin haya, ga man janareto, me zai yi? Sai ya buɗe tsohon aiki, ya sauya sarewa, ya ƙara sauri kaɗan, ya miƙa. Furodusa ya tafi da murna, amma 'yan kallo ba yara ba ne. Su ne za ka ji su na cewa waƙoƙin nanaye duk uwar su ɗaya uban su ɗaya. Da haka sunan makaɗi ke dusashewa, aiki ya koma ƙofar maƙwabci.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Waɗancan akwatuna 16 an tsara su ne huɗu-huɗu, daidai da kiɗan rawar Turawa. Kaɗe-kaɗen Hausa da yawa kuwa tafiyar uku-uku su ke yi. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti. Shi ya sa kalangu ke iya magana, domin mai kiɗa na matse tsarkiya ya sassauta, sautin ya hau ya sauka kamar bakin mutum. Gangar cikin kwamfuta ba ta san wannan ba sai an koya mata. Haka shi ma Auto-Tune, aikin sa shi ne jan murya zuwa sautin da ya fi kusa. In aka tsananta shi, sai ya shafe ɗan lanƙwasar da ke sa muryar Bahaushe ta zama tasa. Sau da yawa abin da makaɗi ke kira toshewar basira, faɗa ne tsakanin kiɗan da ya tashi da shi a kunne da wanda na'ura ta shimfiɗa masa. Manhajar na da wurin sauya wannan lissafi, sai dai gaggawa ba ta barin a neme shi.

Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan titi ke da dabarun su. Wani ya kashe kwamfutar, ya sa mawaƙi ya rera da baki kawai, ana tafi, sai karin ya zauna sannan a gina kiɗa a kan sa. Wani ya taƙaita wa kan sa sautuka huɗu ko biyar, ya ce ba ƙari. Wani ya gayyato mai kalangu na gaske ya ɗauke shi da makirfo. Wani kuma ya sauko daga bene ya tafi gidan biki ya saurari kiɗan ƙwarya. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a 1999, bai taɓa jiran a kawo wuta ba kafin waƙa ta zo masa.

Ba wanda ke cewa a jefar da kwamfuta. Ita ce ta ba ɗan talaka damar da a da sai mai hali. Abin da ake roƙo shi ne furodusoshi su riƙa ba makaɗa lokaci, su kuma makaɗan su tuna cewa na'ura ba ta da kunne. Kano cike ta ke da sauti, daga tallar 'yan mata zuwa tambarin gidan Sarki. Allah ya ƙara basira, amin.