Wasiƙa Daga Jidda: Tarin Hajiya da Matar Laburare

Wannan karon ba daga ƙasar sanyi nake rubuto muku ba, daga Jidda ne, a falon kawuna, fanka na juyawa a kaina. Na ajiye karatu na taho ne saboda Hajiyarmu ta zo Umara, ga shi shekara biyu rabon da in sa ta a ido. Na zo da niyyar ibada da hira, sai Allah Ya ƙaddara rabin kwanakin a asibiti za mu yi su. Labarin abin da na gani a can nake son ba ku.

Tun daren da muka haɗu na lura Hajiya na tari, busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ba ya fitar da komai amma ba ya barin mutum barci. Da na tambaye ta sai ta ce, "Kai, rabu da shi, ƙurar hunturu ce." Ƙanwata da ta rako ta ce ta tsegunta min cewa tarin ya kai wata bakwai, hunturu ya wuce, zafi ya zo, damina ta faɗi, shi yana nan. An sha maganin tari kwalba ba adadi daga kyamis, an sha zuma da citta, har allurai an yi. Bayan mun dawo daga Makka abin ya ƙaru, sai Kawu ya ce ba za a kwana ba sai an ga likita.

Tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mana ta ba Hajiya dariya. Wai ko ta kusanci raƙumi, ko ta sha nononsa? Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gaya mata ni ba Buzuwa ba ce." Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na san inda tambayar ta samo asali. A garin nan tari ba abin wasa ba ne.

A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani dattijo ɗan shekara 60, mutumin Bisha, a asibitin Dakta Sulaiman Faƙih da ke nan Jidda. Huhunsa ya kamu, ƙodarsa ta tsaya, ya rasu. Wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Masar da ke aiki a asibitin, Dakta Ali Muhammad Zaki, ya gwada duk cututtukan da aka saba gani bai samu ko ɗaya ba. Sai ya aika samfurin zuwa Rotterdam a ƙasar Holan, wurin Ron Fouchier, aka tabbatar sabuwar ƙwayar korona ce da ba a taɓa gani a jikin ɗan Adam ba. Ranar 20 ga Satumba 2012 gajeren bayanin Zaki ya fito a ProMED, wata kafar labaran cututtuka da aka kafa a 1994, wadda masana ke tace rahotanni su rarraba wa likitocin duniya ta imel. A daidai lokacin akwai wani mutumin Katar ɗan shekara 49 kwance a asibiti a Landan, an rasa gane abin da ke damunsa. Masana a can suka karanta saƙon, suka gwada, cikin 'yan kwanaki suka gano ita ce. Cutar da daga baya aka sa wa suna MERS ke nan, aka kuma gano tana da alaƙa da raƙuma. A 2014 ta ɓarke a Jidda, fiye da mutum 250 suka kamu cikin 'yan watanni, mafi yawansu ta hanyar asibiti.

Mai karatu, ka duba da kyau. Likitocin Landan ba su rasa ilimi ba, ba su rasa kayan aiki ba. Abin da suka rasa labari ne guda ɗaya, wanda yake kan teburin wani mutum a Jidda. Da ba don akwai masu aikin ɗauko labari daga nan su kai can ba, da an daɗe ana lalube. Wannan saƙon ne, bayan shekaru, ya zama tambayar da aka yi wa mahaifiyata a bakin ƙofa.

To alhamdu lillahi, Hajiya ba ta da zazzaɓi, hoton ƙirji ya fito lafiya. Likitan da ya gan mu matashi ne, ba zai girme ni ba. Ya ce a kawo duk magungunan da take sha. Ƙanwata ta zazzage jakar leda a kan tebur. Ya ɗauki wani kwali ya ce, "Yaushe ta fara wannan?" Lisinopril ne, na hawan jini. Muka lissafa, wata takwas. Ya ce ga mai laifin nan. Wannan rukunin magani yakan sa wasu masu shansa busasshen tari, kuma babu maganin tarin da zai tsayar da shi sai an daina. Ya ƙara da cewa yakan kumbura wa wasu leɓe da harshe, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata. Wata bakwai Hajiya na tari, ashe amsar tana cikin 'yar takardar da ke naɗe a kwalin, wadda ba wanda ya taɓa warwarewa, har da ni da nake taƙamar karatu a Turai.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya biyo baya ne. Jinin Hajiya ba ya sauka da magani ɗaya, sai an haɗa biyu. Likitan ya ce ya san abin da littattafan jagora suka ce game da baƙar fata, amma mafi yawan binciken a kan baƙaƙen Amurka aka yi shi, shi kuwa yana son ya ga ko akwai wanda aka yi a kan mutanen da ke zaune a Afirka. Sai ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakin likita ba: "Ban tabbata ba, bari in tambayi laburare." Ya ba ta magani na wucin gadi, ya ce mu dawo jibi.

A mota Hajiya ta ce, "Wannan yaron anya ya gama makarantar kuwa? Likita ne zai ce sai ya je ya duba littafi?" Kawu ya ce, "Yaya, ai matambayi ba ya ɓata. Ni wanda ba ya tambaya nake tsoro."

Da muka koma, takardu ne a gabansa, an ja layi da jan biro a wurare. Bincike ne mai suna CREOLE, wanda ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2019. An yi shi a kan mutum 728 masu hawan jini a ƙasashe shida na Afirka, har da Nijeriya, kuma wanda ya jagorance shi Dike Ojji ne, likitan zuciya a Abuja. An gwada haɗi uku na tsawon wata shida, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. A kan wannan ya ɗora Hajiya. Allah Sarki! Bincike aka yi a ƙasarmu, a kan mutanenmu, amma sai da tsohuwa ta ƙetare Bahar Maliya kafin ya iso gare ta. (Don Allah kada wani ya karanta wannan ya canza wa kansa magani, kowane jiki da nasa, a je a ga likita.)

Na roƙi likitan ya nuna min inda laburaren yake. Ɗan ɗaki ne a hawa na biyu, kwamfuta huɗu, kantoci kaɗan, da wata mata mai tabarau. Na yi mata godiya, ta yi mamaki, ta ce ba a saba zuwa gode mata ba. Ta nuna min yadda take aiki. Likita zai turo tambaya a dunƙule, ita za ta warware ta: wane irin majiyyaci, wane magani, a kwatanta da wane, me ake son gani. Sannan ta shiga PubMed da ɗakin karatun Cochrane, ta tace, ta watsar da binciken da bai da ƙarfi, ta miƙa masa uku ko huɗu da zai iya karantawa tsakanin majiyyaci da majiyyaci. Ba ta taɓa ganin Hajiya ba, ba ta san sunanta ba, amma hannunta na cikin maganin da take sha yau.

An daɗe da auna amfanin irin wannan aiki. A 1992 Joanne Marshall ta wallafa binciken da aka yi a asibitoci 15 na yankin Rochester a Amurka. Cikin likitoci 208 da suka amsa, kashi 80 cikin ɗari sun ce bayanin da laburare ya kawo musu ya sa sun canza wani abu a yadda suka kula da majiyyaci, kashi 45 sun canza magani. An kuma ga abin da rashinsa ke jawowa. A 2001 wata matashiya 'yar shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta rasu a wani gwaji a Jami'ar Johns Hopkins bayan ta shaƙi sinadarin hexamethonium. Rahotannin da suka nuna yana lalata huhu suna nan tun shekarun 1950, amma PubMed na wancan lokacin daga 1966 ya fara. Tsofaffin mujallu suna kan kanta, ba a nemo su ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai akwai wanda ya san tulun da take ciki.

Daga nan tunanina ya koma gida. A jami'ar da nake, da lambar sirri ɗaya nake buɗe dubban mujallu, ko da tsakar dare ne, har na daina ganin abin a matsayin ni'ima. Ina da aboki tun sakandare, likita ne a wani babban asibitin gwamnati a jiharmu. Kusan kowane mako zai turo min saƙo ta WhatsApp: "Malam, taimaka ka sauko min da wannan." Takarda ɗaya sai a ce ya biya dala talatin ko arba'in. Ya ce min ɗakin da aka rubuta laburare a ƙofarsa a asibitinsu, katifu da tsofaffin fayiloli ne a ciki. Alhali tun Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI don asibitoci da jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun likitanci kyauta ko da rahusa, PubMed kuwa kyauta ne ga kowa tun 1997. Sai dai cibiya ce ke yin rajista, kuma ana bukatar mutum guda wanda aikinsa ke nan, ya riƙe mabuɗin, ya iya nema, ya koya wa wasu. Likitan da layin marasa lafiya ke jiransa tun asuba, yaushe zai zauna ya tace takarda ɗari biyu?

Mukan yi kukan rashin gado da rashin wuta da rashin likitoci, kuma duk gaskiya ne. Amma ban taɓa jin wani ya tashi a taro ya ce asibitinmu ba shi da ma'aikacin laburare ba. Ga jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello, suna yaye masu digiri a wannan fanni duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki. Kujera ɗaya, kwamfuta ɗaya, intanet da albashin mutum ɗaya, ba su kai kuɗin motar shugaban asibiti ba.

Yau kwana goma sha biyu da canza maganin. Jiya na farka cikin dare, na kasa kunne wajen ɗakin Hajiya, shiru, sai ƙarar fanka. Da safe ta ce in kai wa "matar littattafan nan" dabino da turare kafin mu tafi. Na ce to. Takardun da aka ja wa jan layi kuwa suna cikin jakar ƙanwata, za ta kai wa abokina likita.

Jibi in Allah Ya yarda su za su nufi Kano, ni in koma cikin sanyi. Ku sa Hajiya a addu'a. Wanda kuma yake da tsoho mai shan magani a gida, ya daure ya warware 'yar takardar nan ta cikin kwali ya karanta masa. Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba. Wassalam.