Koyo Cikin Ƙurarren Lokaci: Darasi Daga Zaidu Ɗan Sabitu

'Yan'uwa, kukan da na fi ji daga bakin attajirai da ma'aikata shi ne rashin lokaci. Wani ofis ya koma aiki da kwamfuta, yana tsoron yaran da aka ɗauka jiya su sha gabansa. Wani kuwa cinikinsa ya koma ta waya, sai yaron kanti ya duba masa ko kuɗi sun shigo, watau ya damƙa dukiyarsa a hannun wani. Kowa sai ya ce girma ya zo, ga iyali, yaushe zai zauna koyo?

To, mu dubi Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi. A shekara ta 4 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya koyi rubutun Yahudawa, domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, yana kuma rubuta amsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa rabin wata bai cika ba sai da ya iya.

Lalle Zaidu saurayi ne mai kaifin basira, amma akwai dalilan da ni da kai za mu iya ɗauka. Ya san iyakar bukatarsa, watau wasiƙa, bai ce sai ya ƙure littattafan mutanen ba. Sa'an nan ya ɗora sabo a kan tsoho, gama ya riga ya iya rubutun Larabci mai baƙaƙe 28, Ibrananci kuwa 22 gare shi, dangin juna ne, dukkansu daga dama ake farawa. Bayan haka bai ajiye abin da ya koya ba, nan take ya shiga aiki da shi.

Haka na gani cikin shekarun da na yi ina karantar da magidanta tsakanin Magariba da Lisha. Wanda ya zo da bukata guda, ya lizimci kaɗan kullum, shi ke wucewa. Wanda ke tara karatun mako ya zubo shi ran Lahadi, kullum a baƙin farko yake. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi ƙarfi jim kaɗan bayan koyo, bita kuma ke rage ta. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin tishi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, rubuta abu guda da kake bukata, ko aika kuɗi ne, ko tsara lissafin kanti, ko buga wasiƙa. Nemi wanda ya iya ya nuna maka, ko da ɗan cikinka ne, amma hannunka ne zai yi, shi ya zuba ido. Ware minti 20 bayan Asuba, kafin hayaniyar kasuwa. A shekara sun haura awa 120. Gobe kuma ka fara da bitar na jiya kafin ƙari.

Allah Ya sa albarka cikin lokutanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.