Jinya a Manchesta: Tabarau Kafin Tiyata

Jinya ce ta kai ni Ingila. Likitoci sun gano sankarar hanji a jikin yayana da ke zaune a Manchesta, aka sa ranar tiyata, Hajiyarmu ta ce lallai wani daga gida ya je ya tsaya a kansa. Ni aka zaɓa. Daga Kano na bi ta Abuja zuwa Landan, na hau jirgin ƙasa a tashar Euston. Wajen awa biyu muna keta korayen filaye, tumaki na kiwo cikin yayyafi, kafin mu sauka a tashar Piccadilly.

Na tarar da Yaya ya zabge, idanunsa sun faɗa don rashin barci. Abu biyu ke cin ransa: ko zai farka daga allurar barci, da kuma ko za a maƙala masa jakar bayan gida a ciki. "Auta," ya ce da ni, "ba wuƙar nake tsoro ba. Ban san abin da ke bayan ƙofar can ba ne."

Ranar da muka je gwajin share fage, wata nas ta kawo tabarau na kwamfuta da ake kira VR. Yana da ɗan nauyi, yana rufe idanu ruf, da maɗauri ta ƙeya. Ta goge shi, ta ɗaura wa Yaya. Sai na ga yana juya kai hagu da dama, har ya miƙa hannu zai dafa bangon da babu shi. Da ya cire, ni ma na nemi a sa mini. Ga ni kwance a gadon da ake tura majinyata, fitilun rufi na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗakin da ake sa allura a bayan hannu, ga manyan fitilun ɗakin tiyata, ga ɗakin farfaɗowa da robobin ƙarin ruwa. Wata murya na bayanin kowane abu da aikinsa. Daga nan aka kai ni bakin teku, muryar na cewa in ja numfashi, in sake shi a hankali.

Dabarar ta daɗe. A ƙarshen shekarun 1990, Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka suka fara gwada ta a kan masu ƙunar wuta. Sun ƙirƙiro SnowWorld, duniyar ƙanƙara da majinyaci ke shiga yana jifa da dunƙulen ƙanƙara yayin da ake wanke masa ciwo. Hikimar ita ce hankalin mutum ba ya ɗaukar komai lokaci guda. Idan ya tafi can, zafi da fargaba sai su ragu. Likitoci kuwa ba sa son fargaba kafin aiki, domin tana ɗaga bugun zuciya da hawan jini.

Daren ranar gwajin nan Yaya ya yi barci har da minshari. Safiyar tiyata, ana tura shi yana nuna mini hanya: "Nan za mu karya kwana." Gani ya kori ji. Ta 'yan ƙananan huji aka yi aikin, aka yanke wurin da ya lalace, aka haɗe hanjin, cikin ikon Allah ba a kai ga jaka ba.

Tabarau dai tsoro ya rage, bai taɓa sankara ba. Abin da ya taimaki Yaya shi ne gano cutar da wuri. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS kan aika wa masu shekara 50 zuwa 74 kayan gwajin bayan gida ta gidan waya duk shekara biyu, kuma ta nan aka kama tasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 sama da mutum miliyan 1.9 suka kamu da wannan sankara a duniya, fiye da 900,000 suka rasu.

Da na dawo Kano, tun daga filin jirgi nake jin lasifikar masu maganin basir. Mu a nan, duk jinin da aka gani a bayan gida basir ne, sai a bi shi da jiƙo har lokaci ya ƙure. Likitocinmu, ko babu tabarau, ku zauna ku yi wa majinyaci bayanin abin da zai tarar. Kai kuma mai karatu, in ka ga jini, ko bayan gidanka ya canja na makonni, ko kana rama ba dalili, ka je asibiti a duba ka.