Falgore, Hurumin da Ya Rasa Mai Shi

Daga zamanin Turawa zuwa yau, sau huɗu hukuma tana sauya wa dajin da ke kudu da mu matsayi. A shekarun 1940 aka shata shi, aka kira shi gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji, aka raɗa masa sunan Falgore. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta ɗauke shi a matsayin filin atisaye. A watan Disamba na 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a sanya shi cikin sababbin gandaye goma na ƙasa, tare da dajin Kogo na Katsina da fadamun Haɗeja. A duk waɗannan sauye-sauye, mu maƙwabtan dajin labari kawai muka samu: kakanninmu daga bakin dagaci, mu kuma daga bakin rediyo. Ni haifaffen Ƙafin Maiyaki ne a ƙaramar hukumar Kiru, kuma a iya rayuwata ban taɓa jin an tara mutanenmu an tambaye su yadda suke ganin ya kamata a yi da dajin ba. A ganina, wannan rashin tambaya shi ne babban ciwon Falgore.

Wanda bai san yankin ba zai iya ɗauka cewa zancen itatuwa da birai ake yi. Lamarin ya wuce nan. Falgore ya kai kimanin hekta 92,000, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma ta cikinsa Kogin Kano yake gangarowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gina Tiga ne don ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga shinkafa da alkama har tumatir. Daga kogin nan ne matatar Tamburawa take ɗiban ruwan da ake sha a birnin Kano. Can gaba kuma ya haɗu da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su nufi Nguru da Tafkin Chadi. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba shi ke rage wa ruwan sama ƙarfi. Idan aka sare itatuwa, mamako sai ya kwashi yashi da laka ya kai su cikin madatsa, cikinta ya yi ta cikewa a hankali, ruwan da take riƙewa ya yi ta raguwa. Ashe gatarin da aka ɗaga a Falgore yana iya sauka a gonar manomin Kura da randar matar aure a Ƙofar Nasarawa, ba tare da ɗayansu ya ji ƙararsa ba.

Na tashi na tarar da dajin a cikin gidanmu, ko da yake tsakaninmu da shi akwai tafiya. Daddawar miyarmu daga kalwar ɗorawa take, man da kakata take shafa mana da hunturu na kaɗanya ne, in zazzaɓi ya kama yaro kuma ɓawon maɗaci ake jiƙa masa. Kawuna, wanda ya zauna a wani ƙauye bayan Tudun Wada, yana rataya amya a bakin dajin, yana kawo mana zuma a gora. A bakinsa na fara jin sunan gwanki da mazo da mugun dawa, kuma shi ya gaya mini cewa a ƙuruciyarsa mafarauci ba ya harbin dabba mai ciki, ba ya kuma shiga daji da damina sai da iznin sarkin baka. Yau idan ka tsaya a bakin titin da ya bi ta garinmu ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin ya fita Doguwa da Saminaka, abin da za ka fi gani yana fitowa daga kudu shi ne itace da buhunan gawayi, an lafta wa mota har tana nishi, duk sun nufi birni.

Wata shekara wani mai kaki ya ƙwace wa kawuna gatari saboda ya same shi yana faskara busasshen marke da iska ta kayar. A ranar, a kan idonsa, manyan motoci biyu suka wuce da ɗanyen itace, ba wanda ya tsayar da su. Bayan wannan ne na ji ya faɗi maganar da har yau take yi mini nauyi. Na ce masa, “Kawu, ba ka ganin ƙiryar nan ta kusa ƙarewa?” Sai ya ce, “Ɗan nan, dajin gwamnati ne. In na bari, wani ne zai sare.” Mutumin da ya yi shekaru yana hana yara cinna wuta kusa da amyarsa, shi ne ya wayi gari yana faɗin haka. Doka ce ta koya masa cewa ba shi da komai a wurin, shi kuwa ya ɗauki karatun.

Kafin zuwan takardar gandu, ƙasar Hausa tana da nata tsarin keɓe fili. Akwai hurumi, wato filin da aka bar wa jama'a a gefen gari, wanda ba mai noma shi, ba mai gina shi. Akwai burtali na wucewar shanu, akwai makiyaya da mashaya. Tsarin yana da tushe a shari'a: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. A nan ƙasar, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin filaye da yadda ake keɓe su. Abin da ya riƙe hurumi shi ne kowa ya san iyakarsa, kowa yana da rabo a cikinsa, kuma wanda ya ci iyakar zai haɗu da mai unguwa a masallaci da asuba. Da aka zo da gandun hukuma, sai aka ɗauki hanin aka bar rabon. Malamin daji ya zama mutumin da ake ɓoye wa gatari. Daga baya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ikon ya ƙara nisa da bakin dajin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Falgore an fitar da mai ɗakin, an bar wa wanda yake birni ya riƙa kintatar inda ruwa yake zuba.

Daji kuwa ba ya zama wofi. Da masu zuma da masu magani suka ja baya, sai wasu suka shiga. Direbobin hanyar Jos sun daɗe suna addu'a kafin su keta Falgore saboda 'yan fashi, daga baya ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mayar da shi maɓoya, abin da ya kai ga shigar sojoji. Babu mai hankalin da zai raina wannan taimako, domin rai ya fi itace. Sai dai soja aikinsa korar mai bindiga, ba a horar da shi don ya san wace ɗorawa ce ta isa sara ba. Haka kuma ɗaga matsayin daji zuwa gandun ƙasa bai taɓa zama laya ba. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa tun 1999, amma hakan bai hana shi zama sansanin 'yan bindiga ba. Yankari ta koma hannun Tarayya a 1991, ta dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Ana ta miƙa daji daga wannan ofis zuwa wancan kamar goron biki, alhali tambayar da ta fi muhimmanci tana nan ba a taɓa ta ba: mutumin da yake kwana a bakin dajin, me zai samu idan dajin ya rayu, me zai rasa idan ya mutu?

Makiyayi ma yana cikin wannan tambaya. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma a yankinmu gonaki sun cinye burtali da yawa, har ya zama Bafulatani ba shi da inda zai kora shanunsa sai cikin gandu. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta fara gina wa makiyaya matsuguni a dajin Dansoshiya, a nan ƙaramar hukumarmu. Na yaba da niyyar, don ta amsa cewa makiyayi ɗan ƙasa ne mai haƙƙin wurin zama. Amma saniya ciyawa da ruwa take nema, kuma muddin ba a buɗe burtalin da aka toshe ba, ba a raya makiyayar da ta mutu ba, ƙafarta za ta koma Falgore ko an so ko an ƙi.

Na san abin da za a ce: idan aka sakar wa talakawa daji, cikin shekara guda za su cinye shi. Amsar wannan tana arewa da mu, a wurin 'yan'uwanmu Hausawa na Maraɗi da Damagaram. A can ma dokar da aka gada daga Faransa ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, manomi yana tsoron ɗan gandun daji, saboda haka yana tumɓuke duk tohon da ya fito a gonarsa tun bai girma ya jawo masa tara ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, aka fara ƙarfafa manoma su bar kututture ya yi toho, su rage rassan su bar masu ƙarfi, kuma sannu a hankali aka sakar musu amfanin itacen da suka raina. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibinsu ba dasa su aka yi ba. Ƙasarsu ta fi tamu fari nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya tabbata gawon da ke gonarsa nasa ne.

Gona daban, gandu daban, na sani. Falgore ba zai rabu gida-gida ba, kuma ba na fatan a raba shi. Abin da nake roƙo shi ne a mayar masa da ruhin hurumi. A zagaya iyakarsa da ƙafa tare da dagatai da arɗaɗɗai da sarakunan baka, a kafa alamar da kowa ya shaida. A rubuta, da Hausa da Fulatanci, abin da maƙwabci yake da iznin ɗauka: zuma, saiwar magani, busasshen itace, ciyawar jinka, da lokacin da zai ɗauka. A keɓe tsakiyar dajin da gaɓar kogi inda ba sara, ba kiwo, ba farauta. A ɗauki masu gadi daga 'ya'yan ƙauyukan da suka san kowace ƙorama, a biya su a kan kari. Duk abin da gandun ya samu, na tara ko na baƙi masu yawon buɗe ido, a ware wa ƙauyukan wani kaso sananne da za su gani a rijiya da aji da ɗakin shan magani. Waɗanda suke cin moriyar ruwan Tiga su ma su sa hannu a kuɗin tsaron mafarinsa. Sannan a tuna cewa gawayin Falgore a murhun birni yake ƙonewa. Matuƙar iskar gas ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, mai gatari ba zai rasa mai saye ba.

Ba na adawa da a kira Falgore gandun ƙasa. Ina murna da duk abin da zai kawo masa ma'aikata da kayan aiki da idon duniya. Tsorona shi ne a sake kafa allo a bakin titi, a yanka kyalle, manya su koma birni kafin la'asar, a bar dajin da maƙwabtan da aka riga aka gaya musu ba nasu ba ne. Ƙirya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa a yi turmi da ita, amma yini guda ya isa a mayar da ita gawayi. Gwamnati tana da ikon sa hannu a takarda, tana da ikon tura sojoji. Wanda zai ga hayaƙin ramin gawayi da asuba ya je ya yi magana kuwa, sai wanda yake kwana a wurin, kuma ba zai je ba sai ya san yana da abin da zai rasa.