Kasuwar Yini Ɗaya a Wata Makaranta a Jos

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba, bai san hunturu ba. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, sanyin asubarsa har ƙashi yake ratsawa. A irin wannan safiya ƙanwata ta tashe ni, ta ce, "Yaya, ɗauko rigar sanyi, yau ce kasuwar makarantar su Ummi."

Ƙaramar firamare ce, iskar damina ta yaye rufin aji biyu. Maimakon a ƙara wa iyaye kuɗin makaranta, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta shirya kasuwar yini ɗaya kafin hutun Kirsimeti.

Tun daga bakin ƙofa na ga abin da ya burge ni. An kafa allo, an rubuta bandir nawa na kwano ake buƙata, da kuɗin katako da ƙusa da ladan kafinta. Kowa ya san inda kuɗinsa za su tafi kafin ya kwance bakin zani.

Ba su wahalar da kansu da kayan nesa ba, abin da Filato ke da shi suka kasa. Tun da duhu wasu iyaye suka je kasuwar Farin Gada suka sari kabeji da karas da dankalin Turawa. Ga gwaten acca yana tururi, ga masa, ga kunun gyaɗa mai zafi. Mai kunu ce ta fara sayar da nata kaf, don sanyi ya yi mata talla. A gefe guda 'yanmata na layin lalle, yara na rera waƙoƙin Kirsimeti, wani uba kuma yana gwanjon zakara da kayan sawa da iyaye suka bayar kyauta.

Babu mai karɓar kuɗi a rumfa. Tebur ɗaya ne ake sayen tikiti, uwa biyu da malami ɗaya na zaune, kowane ciniki sai an rubuta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, rigimar kuɗi ce ke kashe irin wannan taro, shi ya sa muka toshe ƙofarta."

Wanda ya san Jos ya san yadda rikicin 2001 da na 2008 suka raba unguwanni, Musulmi nan, Kirista can. Masu shirin ba su manta da wannan ba. Mahauci Musulmi suka ɗauko ya yi yanka ya gasa tsire, don kowa ya ci hankali kwance. Da azahar ta yi, aka buɗe mana aji ɗaya, ga tabarmi ga butoci. Maman Grace, mai gwaten, ita ta riƙe mini jaka har na idar.

Da la'asar aka ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ba su kai na aji biyu ba, na ɗaya suka isa. Ba wanda ya yi gunaguni, don kowa ya ga lissafi da idonsa. Nan take aka tsayar da shawarar a sake wata kasuwar bayan ƙaramar salla.

Uwargida, idan makarantar yaranki na da wata buƙata, tara iyaye biyar ku fara da allon nan na bakin ƙofa. Ni dai na koma Kano da buhun dankali da lambar wayar Maman Grace.